Gaba Goma Sha Tara

Ni ne mai tufkar igiya a kasuwar Makari,
rumfata na tsakanin mai kanwa da mai gyaran tocila.
Ban taɓa riƙe alƙalami ba,
amma ku tambaye ni labarin ruwa.
A tafin hannuna yake, inda kaba ta bar kanta.

Kakana Jatau gaba huɗu yake tufkawa,
har a samu ragowar ɗaure akuya.
Ya ce a zamaninsu in ka yi tari da dare
kwaɗi ne ke yi maka sannu.
Babana ya kai tara, yana ƙunƙuni.
Ni kuwa jiya Hajjo, matar Abakar mai jaki,
ta kwance bakin zanenta ta ce:
goma sha tara,
ka ƙara kamu biyu saboda baɗi.

Saboda baɗi.
Na karɓa, na ƙirga, na kasa kallon idonta.
Wane irin ciniki ne wannan,
ruwa na nutsewa, aljihuna na tasowa?

Jirgin kawuna na nan a kife cikin gonar wake,
kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinsa.
Yara na tambaya wa ya jawo jirgi tudu.
Ba wanda ya jawo shi.
Tafki ne ya tashi bai yi sallama ba.

Shekaran bara sama ta tuna bashinta,
ta biya na damina uku cikin kwana shida.
Rumbuna suka zauna, katanga ta durƙusa,
muka kwana a kan hanya da tukwane a ka.
Kafin bazara guga ya koma bugun laka.
Ruwa baƙo ne:
ya zo bai sami saiwar da za ta ce masa zauna ba,
ya wuce.

A majalisa aka ce ikon Allah.
Na ce haka ne, ba musu.
Amma gatarin da ya kwantar da gorubar bayan gari
ba daga sama ya faɗo ba.
Na san maƙerinsa, na san ƙotarsa,
na san kuɗin buhun gawayi a Kusiri,
don ni na ɗora shi a mota.
Yau kabar da nake tufka da ita
sai na yi yini guda a kan keke.

Rediyo ya ce hayaƙin manyan ƙasashe ne
ya sa wa duniya zazzaɓi.
Na yarda.
Wasu suka ci, mu aka riƙe wa riga.
To amma kafin mai laifi ya kawo diyya,
ƙishirwa ba ta jiran shari'a.

Kaltuma 'yata ta gina murhu da laka da kashin jaki,
mai baki ɗaya, kamar tsohuwa mai rowa.
Itace uku, tuwo ya nuna.
Maƙwabta suka yi dariya sati biyu,
yanzu suna aron hannunta.
Gambo ya haƙa ramuka a faƙonsa kamar rabin wata,
ruwan farko ya kwana a ciki,
dawa ta fito inda ko tsidau ya ƙi.

Ni kuma ina bin yara a kasuwa
ina tsintar ƙwallon gorubar da suka gwaigwaye.
Ɗari da sittin na binne,
ashirin da uku suka leƙo,
awaki suka ci bakwai.
Wani ya ce, tsoho, yaushe za ka yanki kabarsu?
Na ce wadda na sare ma ba ni na shuka ba.

Da yamma jikana ya zauna koyon tufka.
Na auna masa gaba huɗu, na ƙulle bakin.
Ya jujjuya ta ya ce,
Kaka, wannan ai ba ta kai ko'ina ba.

Na ce, ajiye ta.